Kansilan wa? Karatun sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Kano

Ranar Asabar 26 ga Oktoba, 2024, aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Da shugaban hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, ya zo bayyana sakamako, bai sha wahalar lissafi ba. Jam'iyyar NNPP, wadda gwamna ya ci zaɓe a cikinta, ta kwashe kujerun ciyamomi 44 duka, ta haɗa da na kansiloli 484 duka. Daga Doguwa zuwa Kunchi, daga Yakasai zuwa Sharaɗa, ba a samu mazaɓa ko ɗaya da ta kauce ba.

Wanda ya daɗe yana bin siyasar Kano bai yi mamaki ba, domin ya saba jin waɗannan lambobi. A watan Janairun 2021, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, APC ce ta cinye 44 da 484. A Fabrairun 2018 ma ita ce. A Mayun 2014, lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso yana gwamna a APC, haka aka yi. Jam'iyyu suna canzawa, launin huluna yana canzawa, lambobin suna nan inda suke.

Aikin koyarwa na yi a makarantun firamare har na ajiye alli. Idan malami ya kawo mini sakamakon jarrabawa, na ga kowane yaro a ajinsa ya ci ɗari bisa ɗari, ba zan yaba masa ba tukuna. Zan ce ya kawo takardun amsa in duba. Wannan shi ne abin da nake so mu yi wa sakamakon nan.

Kano da muka sani

Abin da ya sa lambobin suke tsaya wa mutum a rai shi ne halin Kanawa a akwatin zaɓe. Kano ba ta taɓa zama gari mai murya ɗaya ba. Tun zamanin NEPU da NPC ake ja-in-ja, aka zo Santsi da Taɓo a Jamhuriya ta Biyu. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Abubakar Rimi. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, Kwankwaso. A 2011 Kwankwaso ya dawo ya karɓe mulki daga hannun ANPP. A 2019 sai da aka kai ga zagaye na biyu, sunan mazaɓar Gama ya shiga bakin kowa. A 2023 Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705.

To jam'iyyar da mutum kusan dubu ɗari tara suka dangwala wa a Maris ɗin 2023, yaya aka yi ba ta da kansila ko ɗaya a Oktoban 2024? Amsar farko mai sauƙi ce: APC ba ta shiga zaɓen ba. Ta garzaya kotu tana cewa shugaban KANSIEC da kwamishinoninsa 'yan NNPP ne. Kwana huɗu kafin zaɓe, Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya amince da ƙorafin, ya ce ba su cancanci riƙe muƙaman ba. Babbar kotun jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe. 'Yan sanda suka ce su umarnin kotun tarayya za su bi, aka yi zaɓen a haka. Daga baya, a 2025, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayyar ba ta da hurumin sauraron ƙarar tun farko.

Sai dai wannan amsa ba ta kai ƙarshen magana ba. A 2021 'yan Kwankwasiyya, da suke PDP a lokacin, su ne suka ƙaurace, suna faɗin kusan irin maganar da APC ta zo tana faɗa a 2024. Duk wanda ke adawa ya yanke hukunci tun kafin a buga takardun ƙuri'a cewa shiga asarar kuɗi ce. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya sa kowa ya gaskata haka?

Wa yake shirya zaɓen?

Mutane da yawa suna ɗauka INEC ce ke gudanar da kowane zaɓe a Najeriya. Ba haka ba ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar zaɓen ciyaman da kansila a hannun hukumar zaɓe ta kowace jiha. Gwamna ne ke naɗa shugabanta da kwamishinoninta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar da su, kuɗin aikinta kuma daga gwamnatin jiha yake fitowa. Dokar da ta tsara wa'adin zaɓaɓɓu da sharuɗɗan takara, majalisar jiha ce ke yin ta. Abin da hukumar jiha ke karɓa daga INEC shi ne rajistar masu zaɓe.

Da wannan tsari, ko da mutanen kirki aka naɗa, ɗan adawa yana da dalilin zargi. Kuma ba Kano kaɗai ba ce. Mako guda kafin zaɓen Kano, a ranar 19 ga Oktoba, APC ta lashe ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 na Jihar Kaduna gaba ɗaya. Abin da ya faru a Ribas ya fi fito da zancen fili. Gwamna Siminalayi Fubara ɗan PDP ne a lokacin, amma ragamar jam'iyyar a jihar ta kuɓuce masa, sai mutanensa suka tsaya a wata ƙaramar jam'iyya, APP, wadda da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Ta ci 22 cikin 23. Kotun Ƙoli ta soke wannan zaɓe a Fabrairun 2025. Ashe ba farin jinin jam'iyya ake aunawa ba. Inda gwamna ya fuskanta, can sakamako yake fuskanta.

Sannan ga kuɗin fom. A 2024 KANSIEC ta sanar da naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila. Sai da aka kai ƙara kotu kafin aka ɗan rage. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ma'aikaci mai wannan albashi sai ya tara kusan na shekara shida, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan 5. Mai neman shugabancin ƙasa kuwa ba ya biyan INEC kuɗin fom, jam'iyyarsa kawai yake biya. Matashin da ke son wakiltar unguwarsu ba shi da wannan kuɗi, sai wani ya biya masa. Wanda ya biya kuwa ba sadaka ya yi ba.

Inda ake yin zaɓen gaskiya

Wani tsohon ɗalibina, yaro mai ƙwazo da ke sayar da kayan gini, ya taɓa zuwa gaishe ni gabanin wani zaɓen ƙananan hukumomi. Ya durƙusa ya ce, "Malam, na zo neman albarka, mutanen unguwa sun ce in fito kansila." Na sa masa albarka, na tambaye shi ko ya zaga gidaje. Ya ce ya zaga majalisun shayi, ya je wurin 'yan ƙwallo, matarsa kuma tana bin gidajen suna da biki. Bayan 'yan makonni na gamu da shi a masallaci, na ce, "Ɗan nan, ina labarin takara?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, an yi masalaha. Manya sun ce in haƙura, an ba wa wani."

Bai faɗi zaɓe ba, domin sunansa bai kai ga takardar ƙuri'a ba. Wannan shi ne abin da sakamakon ranar zaɓe ba ya nunawa. Idan kowa ya san duk wanda jam'iyya mai mulki ta tsayar ya riga ya ci, to ainihin fafatawar ta koma ɗakin da ake rubuta sunaye. A can ne ɗan majalisar tarayya yake da nasa, kwamishina yake da nasa, shugaban jam'iyya yake da nasa. 'Yan siyasa suna kiran abin masalaha, waɗanda aka bari a waje suna kiransa ɗauki-ɗora. Masalaha ba laifi ba ce idan waɗanda abin ya shafa ne suka zauna suka daidaita. Matsalar ita ce mutanen mazaɓa, waɗanda za a wakilta, galibi a rediyo suke jin sunan ɗan takararsu.

Ina cikin waɗanda suka yi zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990, zamanin SDP da NRC, lokacin da ake bin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane a bainar jama'a. Tsarin yana da aibinsa, domin mai gidan haya yana ganin layin da ɗan hayarsa ya bi, uba yana ganin na ɗansa. Amma kansilan da muka samu a lokacin ya san fuskokin da suka tsaya masa a rana. Idan kwata ta toshe da damina, da asuba ake buga masa ƙofa, kuma yana fitowa. Ba don ya fi na yanzu tsoron Allah ba ne. Ya san ta hannun waɗanda kujerar ta zo masa, ya kuma san za su iya karɓe ta.

Mene ne aikin kansila?

Za a iya cewa, to mene ne abin damuwa, kansila ne fa kawai. Wannan raini shi ya kai mu inda muke. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano ce ta fi kowace jiha yawa da 44. Birnin Kano kansa ba shi da majalisar birni guda ɗaya, ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowace mazaɓa tana zaɓen kansila ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Kansilolin nan su ne majalisar dokokin ƙaramar hukuma. Su ke amincewa da kasafin kuɗin shekara, su ke yin dokokin cikin gida, su ke da ikon tuhumar ciyaman. Kada a haɗa su da kansiloli masu gafaka, waɗanda naɗa su ake yi su kula da sassa irin su ayyuka, lafiya da noma.

Ayyukan da tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma kuwa su ne waɗanda talaka ke cin karo da su tun daga ƙofar gidansa: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu a ilimin firamare da asibitocin sha-ka-tafi da harkar noma. Bolar da ta cinye rabin layinku, katangar maƙabarta da ta rushe awaki suna shiga, ajin da iska ta yaye wa kwano, duk ba aikin shugaban ƙasa ba ne.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin VAT kason ƙananan hukumomi 35 ne cikin ɗari. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuɗin ya fara sauka can. Shekara da shekaru ciyamomi a faɗin ƙasar nan suna kukan cewa idan an cire albashi da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ke isa sakatariya ba ya taka kara ya karya. Amma a ɓoye suke kukan. Wanda aka ɗora ba ya ɗaga murya a gaban wanda ya ɗora shi, kuma majalisar da ba ta da ɗan adawa ko ɗaya ba ta da mai tashi ya tambayi ina kuɗin watan jiya.

Hukuncin Kotun Ƙoli da gaggawar da ta biyo baya

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomin riƙo, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta kuɗin tarayya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya tayar da jihohi tsaye. Jihohin da suka daɗe da kantomomi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe, shi ya sa watannin Satumba da Oktoban 2024 suka cika da zaɓukan ƙananan hukumomi. A Kano ma kwamitocin riƙo ne ke kan kujeru, kuma an matso da ranar zaɓen daga ƙarshen Nuwamba zuwa Oktoba. An cika sharaɗin kotu a takarda. Biyan kuɗi kai tsaye kuwa, shekara guda bayan hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan ba a fara ba.

A nan ina da wata magana da masu murnar 'yancin ƙananan hukumomi ba sa son ji. Mu tsofaffin malaman firamare mun ɗanɗana wani 'yanci a baya. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta miƙa makarantu da albashinmu ga ƙananan hukumomi. A wurare da dama malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa a cire albashin malaman firamare tun daga tushe, kada a bar shi a hannun ciyaman. Kuɗi kai tsaye ga shugaban da ba ya tsoron masu zaɓe ba gyara ba ne. An dai canza hannun da zai riƙe kuɗin. 'Yancin asusu da sahihin zaɓe tare ya kamata su zo.

Inda sakamako yake fitowa a gauraye

Ba ƙaddara ba ce zaɓen ƙaramar hukuma ya zama na jam'iyya ɗaya. Abuja ce kaɗai wurin da INEC ke gudanar da irin wannan zaɓe, saboda ba ta da gwamna da majalisar jiha. A zaɓen 12 ga Fabrairu, 2022, APC ce ke mulkin ƙasa, fadar shugaban ƙasa tana cikin ƙaramar hukumar birnin, AMAC, amma PDP ce ta ci AMAC ɗin, ta haɗa da Bwari da Kuje. APC ta ci Gwagwalada, Kwali da Abaji. Uku da uku.

Kaduna ma ta gwada wata hanya. A 2018 hukumar zaɓenta ta kawo na'urar kaɗa ƙuri'a, ta sake amfani da ita a Satumbar 2021. A zaɓukan biyu PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, musamman a kudancin jihar, kuma a 2021 APC ta faɗi a akwatin da Gwamna Nasir El-Rufa'i kansa ya yi zaɓe a Unguwar Sarki. Na'urar ba ta rasa masu suka ba. Amma da aka ajiye ta aka koma takarda a 2024, sakamakon ya koma 23 bisa 23.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi amfani da wani tsari dabam. A zaɓen Disambar 2020, hukumar zaɓe ta ƙasa, CENI, ce ta shirya, jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, sannan kansiloli su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Da wannan lissafi da wuya jam'iyya ɗaya ta cinye majalisa duka. PNDS ce ke mulkin ƙasa, amma 'yan adawa na Lumana ne suka samu magajin garin Yamai, Oumarou Dogari. Sojojin da suka karɓi mulki a 2023 sun rushe waɗannan majalisu a Afrilun 2024, suka naɗa masu riƙo. Darasin rabon kujeru dai yana nan ga mai son ɗauka.

Me ya rage mana?

Gyaran da aka fi ambata shi ne a soke hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa aikin ga INEC, ko a kafa wata hukumar ƙasa ta musamman. Masu adawa da haka suna cewa an cire wuƙa daga hannun gwamna ne an miƙa wa shugaban ƙasa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Ko ma wanne aka zaɓa, sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A zagayen gyaran da aka kammala a 2023, ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi a nan ya maƙale.

Kafin wannan, akwai abin da bai buƙaci gyaran tsarin mulki ba. Mu daina karɓar sakamakon da ya tsaya a "jam'iyya kaza ta lashe duka". Kowace rumfar zaɓe tana da takardar da malaman zaɓe ke cikewa, wakilan jam'iyyu su sa hannu. A liƙa ta a bangon rumfa, a buga ta a jarida da intanet: mutum nawa aka tantance, ƙuri'a nawa kowane ɗan takara ya samu, nawa suka lalace. Gidajen rediyon Kano, da ba sa barin maganar siyasa ta kwana, su nemi waɗannan lambobi su karanta mazaɓa bayan mazaɓa. Jam'iyyar da ta ci da gaskiya ba abin da za ta rasa idan an karanta.

'Yan adawa su ma su sake tunani a kan ƙaurace wa zaɓe. Wanda bai tsayar da ɗan takara ba, bai tura wakili rumfa ba, ba shi da takardar da zai kai kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Mu kuma mazauna unguwa, kason da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi. Ƙungiyar ci gaban unguwa, kwamitin masallaci, ƙungiyar iyaye da malamai, kowannensu zai iya gayyatar kansila ya zo ya zauna a tabarma ya faɗi abin da kasafin bana ya tanadar wa mazaɓarsa. Wanda ya ƙi zuwa ya ba da amsa a kan wanda yake wa aiki. Jam'iyyar da ta ga ana rubuta sunayen waɗanda suka ƙi zuwa za ta yi tunani sau biyu kafin ta sake ɗora su.